Lafiya Lau Daga Kumasi Zuwa Kurugu

Kumasi, 11 ga Rajab, 1355

Takarda daga hannun ƙanenki Aƙilu baduku zuwa ga Yaya Safara'u a Jajaye. Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina gaida maigidanki Malam Gwadabe, da fatan rubuce-rubucen gidan dagaci ba su ramar da shi ba. Ina gaida Baffa Ilu da matarsa Tasalla a Kurugu. Gaisuwar Inna kuwa ta fi ƙarfin takarda, sai dai ki je Kurugu ki durƙusa a madadina. Ni ina nan lafiya lau. Shekaranjiya basilla ta kuɓuce ta ɗan soke ni a tafin hagu, amma da sauƙi, ba abin faɗa ba ne.

Bayan haka, ga wasiƙar a cikin 'yar zabirar fata da na ɗinka, kamar kullum. Ke ki ɗauki takarda, Inna ta ɗauki zabira. Wannan ce ta bakwai tun da na bar gida shekara biyar da suka wuce. Sulle mai fataucin goro zai kawo miki, tare da turmin atamfa na Inna. Ki gaya mini abin da ta ce game da launin, don na daɗe a kanti kafin in zaɓa.

Kin tambaye ni ko mutanen nan suna jin daɗin duniya. Yaya, ai na zauna a rumfata na auna su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa, mai kanti uku a bakin kasuwa. In ka ce masa ina kwana, sai ya kama kai ya ce kasuwa ta mutu, ciki na ciwo, ƙasarsu ta yi nisa. Mutum da kanti uku! Akwai Moshawa, 'yan ci-rani daga arewa masu aikin gonar koko, ba su da komai sai tabarma da gwangwanin shan ruwa, amma waƙa suke tun safe har rana ta faɗi. Su kuwa Tonawa, wato masu ƙasar, lamarinsu sai kallo. Maƙwabciyata Akosuwa, wata dattijuwa mai sayar da dokunu, wato irin tuwon masararsu, in haƙori ya dame ta, unguwa duka sai ta sani. Za ta zauna a ƙofar gida tana kuka tana lissafa inda ke mata ciwo, mata su taru suna taya ta. In an yi musu mutuwa, su yi kururuwa da safe, da yamma kuma ka ga an fito da ganguna ana rawa. Na rasa gane kansu.

Da na gama auna kowa sai na ga babu kamar mu. Bahaushe ko rufin ɗaki ya faɗo masa, ka ce yaya gida, zai ce lafiya lau. Na gaya wa Akosuwa haka, ta ce, "To ku wa ke sanin ranar da zai kawo muku magani?" Na yi dariya har na saki fatar da ke hannuna.

In Allah ya yarda baɗi ina gida. Na san na faɗi haka bara, kar ki murguɗa baki, ina ganinki daga nan. Wasalam.

Jajaye, 20 ga Shawwal, 1355

Daga Safara'u zuwa ga autanmu Aƙilu. Gaisuwa da fatan alheri, da barka da shan ruwa, ko da yake kafin ta iso ka an manta da tuwon sallah. Malam yana amsawa, ya ce bai rame ba, tuwona bai bari ba. Baffa da Tasalla suna gaishe ka. Mu duka muna lafiya lau. Allah ya ƙara sauƙin hannu, ka riƙa kula, kai ba yaro ba ne.

Na je Kurugu na kwana uku, na karanta wa Inna takardarka sau huɗu. Wurin Kwara mai kanti uku ne ya fi ba ta dariya. Atamfa kuwa ta shafa ta, ta sansana ta, ta ce tana da laushi, Allah ya yi maka albarka. Zabirar tana hannunta har na taho, tana ta juya ta. Ta ajiye mazari yanzu, ba ta kaɗi. Tasalla ce ke mata girki da ɗebo ruwa, Allah ya saka mata.

Tun da awon mutane kake, ga namu awon. Baturen rangadi ya sauka a Rogo bayan kaka, aka tara masa dagatai, Malam yana bayan dagacinsu riƙe da alƙalami. Ka sani bana ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta nuna ba, rumbunan Jajaye ko rabi ba su yi ba. Bature ya sa tafinta ya tambayi kowane dagaci yaya amfanin gona, yaya jama'a. Kowa ya sunkuya ya ce alhamdu lillahi, lafiya lau. Sai Bature ya rubuta a littafinsa, ya ce ya yi aiki a ƙasashe uku bai taɓa ganin mutane masu kwanciyar rai irin na nan ba. Malam ya dawo yana ba ni labari yana dariya. Can sai ya tashi ya je ya leƙa rumbu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Inna ta ce in da hali ka zo kafin damina, tana son ganinka. Aƙilu, ka karanta wannan layin sau biyu. Fata tana ko'ina, a kasuwar Karaye ma ana sa takalmi. Ka biyo Sulle in zai dawo. Ka huta lafiya.

Kumasi, 6 ga Rabi'ul Awwal, 1356

Zuwa ga Yaya Safara'u. Gaisuwa da girmamawa gare ki da Malam da mutanen Kurugu. A gaida Inna da kyau. Ina nan lafiya lau. Sulle ya ce ya baro kowa lafiya, na ji daɗi.

Na yi murna da Inna ta ajiye mazari. Dama ya isa haka, shekara nawa tana kaɗi? Ta zauna ta huta, ai don haka aka haife mu. Sai dai ba ki gaya mini ko launin atamfar ya yi mata ba, laushi kawai kika ce.

Na karanta layin sau biyu kamar yadda kika ce. Ni ma ina son ganinta, Allah ya sani. Amma zuwa bana ba zai yiwu ba, akwai abubuwan da suka riƙe ni. Ki ba ta haƙuri, ki ce sai an kwana biyu.

Labarin Baturenku bai ba ni dariya ba kamar yadda na zata. Kwanakin nan ina yawan zama wurin Akosuwa, tana ba ni dokunu da miya, muna hira da 'yar Hausarta da ɗan yarensu da na tsinta. Mace ce mai kirki ƙwarai. Da ina ganin rashin haƙuri ne ke sa su faɗin ciwonsu a bainar jama'a. Yanzu na lura in sun gama kukan sai su tashi garau su kama aiki, kamar wanda ya sauke tulu. Yaya, ke da kika yi karatu fiye da ni, in mutum ya ce ba shi da lafiya alhali ba shi da ita, ya yi wa Allah butulci ne? Tambaya ce kawai.

Ga zabirar Inna. Wasalam.

Jajaye, 2 ga Sha'aban, 1356

Aƙilu. Gaisuwa. Malam yana gaishe ka. Ban tsaya jero sunaye ba yau, raina a ɓace yake.

Wata shida ina jiran amsa, sai ga 'yar guntuwar takarda, rabinta labarin wata Akosuwa da dokununta. Mace mai kirki ƙwarai! To madalla. Ashe abin da ya riƙe ka ke nan, ka sami uwa a Kumasi mai ba ka miya. Ka rubuta "abubuwa sun riƙe ni" kamar wani hakimi. Waɗanne abubuwa? Ɗinkin kube da laya?

Ka tambaye ni ko faɗin ciwo butulci ne. Ban sani ba, amma yau zan faɗa, in zunubi ne a kaina. Inna ta hana ni, Baffa ya hana ni, ya ce ba a aika wa matafiyi abin da zai tayar masa da hankali a ƙasar mutane. Na bi su shekara biyu, na gaji.

Inna ba ta gani, Aƙilu. Yanar ido ce ta kama ta. Na hagu ya tafi tun kafin ka aiko zabira ta shida. Ba hutu ya sa ta ajiye mazari ba, zaren ne ba ta gani. Ka dame ni da launi, launi. Ina za ta ga launi? Lokacin da na rubuta maka ka zo kafin damina, idon dama yana ɗan aiki. In mutum ya tsaya a bakin ƙofa da hantsi, rana na dukan fuskarsa, tana gane shi. Shi ya sa kullum da safe take sa Tasalla ta shimfiɗa mata tabarma a inda za ta fuskanci zaure, wai kar ka yi sallama da hantsi tana ɗaka, hasken ya wuce. Damina guda ta yi tana wannan zaman. In na ce Inna ki koma inuwa, sai ta ce ita lafiyarta lau, iska take sha.

Yanzu fari da baƙi kawai take rabewa. Wanzamin da ya duba ta ya ce wannan ganin ma ba zai daɗe ba. Ban san ko da sauran abin da za ka tarar ba, amma in kana da sauran kunya ka taho.

Na ɗauka da na ce ka karanta sau biyu za ka gane. Kai ɗan gidan nan ne, ka san Inna ba ta taɓa cewa tana son abu ba tun da muke. Ranar da ta buɗe baki ta ce tana son ganinka, ai ka san magana ta kai maƙura. Ko zaman Kumasi ya toshe maka kunnen gida?

Ba ta san na rubuta wannan ba. Na yi kuka ina rubutawa, kuma ban ji kunyar faɗa ba. Shi ke nan.

Kumasi, 15 ga Zulƙida, 1356

Yaya Safara'u, gaisuwa. Ba zan ce lafiya lau ba, na daina.

Takardarki ta same ni a rumfar goro. Na karanta ta har ƙarshe. Duk zagin da kika yi mini na karɓa, sai na Akosuwa, ita ba ta ci wannan ba. Ki saurara ki ji.

Kin tuna basillar da ta soke ni a tafin hagu? Wurin ya kumbura, ya yi ruwa. Da azumi ya kama, abokan sana'a suka matsa na je asibiti. Likita Bature ne, ya sa tafinta ya tambaye ni yaya hannun. Yaya, me kike zato na ce? Kwana uku ban runtsa ba don zogi, amma bakina ya riga ni, na ce da sauƙi. Tafinta ya juya masa cewa ya fara warkewa. Likita yana da mutum wajen hamsin a layi, ya shafa mini magani ya ɗaure, ya ce in tafi. Bayan kwana goma sha biyu, a kan gadon kara aka mayar da ni asibiti. Da na farfaɗo ya tsaya a kaina yana faɗa, tafinta yana juyawa: me ya sa ban ce yana ci gaba ba? Ta yaya zan gaya masa cewa a garinmu ko mai shirin cikawa aka tambaya, da sauƙi zai ce?

Sun yanke shi daga wuyan hannu. Shekara guda ke nan.

Baduku da hannu ɗaya, Yaya. Wa zai riƙe fata in na soka? Na sayar da rumfa, yanzu ruwa nake yayyafa wa goro ina tsince mai tsutsa. Zabira ta takwas ba ni na ɗinka ba, Abdulsalami ne, wani baduku mutumin Zariya. Na zauna kusa da shi ina nuna masa yadda nake yi, don kar a gane. Sulle kuma na roƙe shi ya rufa mini asiri. Da na karanta takardarki na tare shi, na ce ashe ka ga idon Inna ka ce mini lafiya? Ya ce, "Kai ma ai lafiya na ce musu." Mutum ɗaya ya ga mu duka biyu, yana ta kai lafiya lau yana kawo lafiya lau tsakanin Kumasi da Kurugu, har da shiga jirgin ruwa.

Mutanenmu na Zango, unguwar Hausawa, sun zo dubiya, Allah ya saka musu. Kowa ya ce sannu, yaya jiki, in ce da sauƙi, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya tashi. Akosuwa ce ta shigo ta ga dungulmin, ta zube ƙasa ta ɗora hannu a ka tana kururuwa kamar ɗanta ne. Na ce ta yi shiru, mutane na ji. Ta ƙi. Ban san lokacin da na fara taya ta ba. Ranar ce na fara cin abinci ya zauna. Har yanzu ban ce tasu ta fi tamu ba, don lafiya lau ɗin nan ita ta riƙa tashe ni kowace safiya, in faɗe ta har in ɗan yarda da ita. Amma ta ci mini hannu, yanzu kuma kin ce ta ci mini ganin Inna.

Abin da ya riƙe ni ke nan. Tsoro nake Inna ta ga autanta, wanda Baba ya koya wa dukanci da hannunsa, ya dawo da hannun riga yana reto. Idonta nake gudu, ashe idon yana can yana ƙarewa a jirana. Wannan ita ce ta fi yankan ciwo.

Ban san yadda zan yi ba. In na zo, nauyi zan zame muku, ga rumbu ba cika ba. In kin ga za ta iya ɗauka, ki gaya mata. In kin ga ba za ta iya ba, ki bar ta da Aƙilunta mai hannu biyu. Abin da kika ce shi zan yi. Wannan karon babu zabira, a tsumma na naɗe.

Jajaye, 27 ga Muharram, 1357

Zuwa ga ƙanena Aƙilu. Gaisuwa da sannu, sannu, sannu. Ka yafe mini abin da na faɗa a kan Akosuwa. Ka gaishe ta, ka ce wata mata a Jajaye tana mata godiya. Labarinmu kuwa ga shi yadda yake: Malam yana fama da tari, dawa ta kusa ƙarewa amma rogo ya yi, idon Inna ya rufe duka tun watan Sallah Babba. Sauranmu lafiya.

Kwana biyu ina juya takardarka kafin in tafi Kurugu. A hanya na shirya magana kala-kala, yadda zan fara da nisa in zagayo a hankali. Na same ta a tabarmar nan tana fuskantar zaure, har yanzu ba ta daina ba. Na gaishe ta, na ce Inna, Auta ya aiko. Ta miƙo hannu, na sa mata tsumman. Ta shafa, ta shafa, ta ce, "Yau ya gaji da aron hannu ke nan."

Na ce Inna me kika ce? Ta ce in ɗauko mata adudunta. Ta fito da zabirunka takwas ta jera a cinya. Ta ɗauki ɗaya ta kama yatsana ta bi da shi bakin ɗinkin. Ta ce, "Ji nan. In ya zo kusurwa sau biyu yake sokawa, kuma ƙullinsa a ciki yake ɓoyewa, haka ubanku yake yi." Ta bi bakwai da ni haka. Sannan ta ɗauki ta takwas ta ce, "Wannan mai ɗinkin gwani ne, amma sau ɗaya ya soka, ga ƙullinsa a waje. Maganar cikin takarda tasa ce, na san yana raye. To me zai hana baduku ɗinka wa uwarsa zabira in ba hannu ba?"

Aƙilu, tun damina ta sani. Ta ce ta tambayi Sulle, "Hannu ne?" ya yi shiru, ita kuma ta ji shirun. Na ce to Inna me ya sa ba ki gaya mini ba, kika bar ni ina zaginsa? Ta ce, "Yaro ya ɓoye abinsa, ni ce zan tone shi?" Shi ya sa ta ƙara hana ni faɗar maganar ido, wai kayanka sun ishe ka. Kai kana rufa mata, ita tana rufa maka, ni ina tsakiya ina rubuta lafiya lau.

Na karanta mata takardarka duka, ban tsallake komai ba. Da na zo wurin likita ta ce, "Kai, wannan yaro, wannan yaro." Sai ta yi kuka. Ban taɓa ganin hawayen Inna ba, ko ranar da Baba ya rasu. Tasalla ta fito da gudu, muka haɗu mu uku a tsakar gida da rana tsaka, Baffa yana zaure yana ta gyaran murya. Da Baturen nan ya wuce ranar, da ya gyara littafinsa. Bayan nan ta sha fura kofi guda da rabi, ta ce a kunna mata turare.

Ga saƙonta, ta ce in rubuta yadda ta faɗa, kar in gyara. Ta ce ba lafiya lau take ba, kewarka ta dame ta, ka zo. Ta ce ganin fuska ya wuce, kar ka ɗora wa kanka, da hannu za ta duba ka. Maganar nauyi kuwa ta ce kar ta sake ji.

Sannan ta sa Baffa ya sauko da jakar kayan aikin Baba daga rataye, ya wasa basilla da wuƙa, an shafa musu mai. Na ce Inna wa zai yi aiki da su? Ta ce shekara talatin tana riƙe wa Baba fata in aiki ya yi masa yawa, kuma riƙon fata ba ya bukatar ido. Ita za ta riƙe, kai ka soka.

Sulle zai taso daga Kumasi bayan Mauludi. Ka biyo shi. Ta riga ta sa an sayo fatar akuya guda a kasuwar Karaye, tana nan a ƙarƙashin tabarmarta. Ta ce zabira ta tara ce, kuma ba ta son ƙulli a waje.